Gidan da Ya Ba Rana Baya

Len Holdsworth bai taɓa ƙin rana ba sai da ya tsufa. Duk shekarun da ya yi yana tuƙa bas a Leeds, rana abar tsokana ce a wajensa kamar yadda take a wajen kowa a garin nan: in ta leƙo a ce yau mun yi baƙuwa, in ta ɓuya a ce dama mun sani. Sai bayan ya yi ritaya, gashin kansa ya zube, sannan ya wayi gari yana jin haushinta kamar ta zage shi a gaban mutane.

Gidansa ne ya jawo, gidan kuwa shi ya zaɓa da kansa. Gidajenmu na unguwar Armley irin na da ne, 'yan baya-da-baya. Gida biyu bango ɗaya suke jingina a kai, wannan na kallon layinsa, wancan na kallon nasa, babu ƙofar baya, babu tagar baya, rufin ma rabi-rabi ne. Kana jin tarin maƙwabcinka ta bango, amma in za ka gaishe shi sai ka sa takalmi ka zagaya kwana. Lokacin da Len da ƙanensa Gordon suke samari masu sabon aure, aka sa irin waɗannan gidaje biyu a kasuwa, masu haɗe da baya. Mahaifinsu ya ce babba ya fara zaɓa. Ɗaya yana Albury Street, ɗaya yana Albury Avenue. Len ko shiga ya duba bai yi ba. Avenue suna ne da ake ba titunan masu hali, masu bishiyoyi hagu da dama. Namu dai ko ciyawa babu, amma sunan yana da daɗin faɗa a gaban surukai. Ya ɗauki Avenue, ya bar wa Gordon Street. Babu wanda ya ce masa ƙofarsa arewa take kallo, da an faɗa ma dariya zai yi. Wa ke sayen gida a Leeds saboda rana?

Bayan sunan layi, abin da Len yake taƙama da shi a duniya shi ne Lahadi. Tun da mahaifinsu ya rasu, abincin ranar Lahadi ya koma gidansa, tare da wuƙar tsohon mai ƙotar ƙaho. Da safe shi zai shafe tsokar naman sa da gishiri da barkono, ya bar wa matarsa Hazel ta sa a obin, wato murhun gashi na lantarki, ya biya wa Gordon su tafi mashaya su sha kofi ɗaya-ɗaya. In sun dawo shi zai fito da naman, ya tsaya a kan tebur ya yanka, ga dankali, ga fanken Yorkshire, ga romo. 'Yarsa Janine takan zo daga Pudsey da mijinta da yara. Gordon da matarsa Brenda su zagayo kwana. Da Brenda ta rasu, Gordon ya ci gaba da zagayowa shi kaɗai, Len kuma yana cika masa faranti fiye da na kowa. Yana son ƙanen nan nasa ƙwarai, so irin na wanda ya tabbata shi ne a sama.

Shekarar da kuɗin wuta ya haukace, har tsofaffin layinmu suka koma zama da rigar sanyi cikin ɗaki, sai ga mutane da tsani a Albury Street. Kafin yamma sun jera baƙaƙen farantan sola a rufin Gordon, sun kafe masa batir kamar ƙaramin firiji a bangon kicin. Bangon kuwa shi ne wanda Len yake jingina kujerarsa daga ɗaya gefen.

"Sola a Leeds!" in ji Len a mashaya, yana ɗaga murya don na kusa su ji. "Kai yaro, me za su sha, ruwan sama?"

"Haske suke so, Yaya, ba zafi ba," in ji Gordon. "Ko da gajimare suna ɗan tsinta. Abin da ban ƙona da rana ba batir ya ajiye mini sai yamma."

"To, in ya tara maka ranar da yawa ka sammini cokali ɗaya in sa a shayi."

Aka yi dariya, har da Gordon, don shi mutum ne mai sanyi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gauraya fenti a kanti ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma da bazara ta kankama dariyar ta fara yi wa Len wuya. Gordon ya koyi wata sabuwar ɗabi'a, ta ciro waya daga aljihu ana tsakiyar hira, ya duba, ya yi murmushi shi kaɗai. In ka tambaya sai ya juyo maka ita ka ga hoton batir ya cika fal, kore shar. Ba alfahari yake yi ba, murna ce kawai, wannan ne ma ya fi ƙona wa Len rai. Mai alfahari ai ana iya yi masa tsawa.

Wata ranar Laraba da Hazel ta tafi kasuwa, Len ya kira wani mai sa sola a ɓoye. Mutumin ko tsani bai sauke daga mota ba. Ya tsaya a tsakiyar titi, ya ɗaga kai, ya duba wayarsa, ya girgiza kai.

"Baba, gaskiya zan gaya maka, rufinka ya ba rana baya. In na ɗora maka, ado kawai na yi maka."

"Na bayana fa? Ai rufi ɗaya ne."

"Rufi ɗaya, fuska biyu. Wancan kudu sak yake kallo, tun safe har yamma tana kansa."

"Ƙanena ne," in ji Len, bai san ma dalilin da ya sa ya faɗa ba.

"Kai! Lallai ya iya zaɓen gida."

Len ya koma ciki ya zauna a kujerarsa. Ta bango yana jin wani ɗan ƙugi siriri, wanda da bai taɓa lura da shi ba. Batirin Gordon ne yake cin abincinsa.

Wanki ne ya fara tafiya. Hazel mace ce mai lissafi, ta riƙe gidan nan da albashin direba ba a taɓa jin kunya ba, kuma ba ta ga abin kunya a wutar da ake samu kyauta ba. Da tsakar rana, in gari ya buɗe, sai ta cika kwando ta zagaya kwana.

"Injinmu ya lalace ne?" in ji Len.

"Lafiyarsa ƙalau. Gordon ya ce batirinsa ya cika, sauran wutar wajen kamfanin lantarki take komawa. Gara ta wanke maka wando."

"Ban roƙi kowa ya wanke mini wando ba."

"Ai ba roƙo ba ne, tsoho, ɗan'uwanka ne. Matsa in wuce."

Sai ya zauna yana sauraren injin wanki yana juyi a bayan kansa, da ƙarar cokali a kofin shayi, da dariyar Hazel. Ba wai yana zargin wani abu ba ne, ko kusa. Abin da ya dame shi, bai tuna rabon da ya ji ta yi dariya mai tsawon haka a gefensa na bangon ba. Da yamma ta dawo da rigunansa a goge, a ninke, ya sa su yana jin kamar aro aka ba shi.

Daga wanki sai Lahadi. Babu wanda ya zauna ya yanke shawara, mu ba ma yin haka. Janine ce ta ce, cikin hira, obin yana shan wuta kamar me, ga shi a gidan Baffa Gordon kyauta ne, me zai hana a gwada sau ɗaya? Hazel ta ce ai kuwa kicin ɗinsa ya fi haske. Aka juyo ana kallon Len. Shi kuwa ya ce abin da kowane ɗan layinmu yake faɗa in an taka masa zuciya. Ya ce, "Ba komai."

Ranar ya naɗe wuƙar mahaifinsu a tsumman goge faranti, ya sa a aljihun kwat, ya zagaya kwana. A ransa, tebur ne kawai ya canza, mai yanka yana nan. Da aka fito da nama ya miƙe yana laluben aljihu, sai ya ji wani abu yana ƙugi. Gordon ne riƙe da wata farar wuƙa mai igiyar wuta, bakinta yana karkarwa.

"Brenda ce ta saya tun da daɗewa, ba mu taɓa amfani da ita ba," in ji Gordon. "Zauna ka huta, Yaya. Yau rana ce za ta yanka mana."

Yara suka yi tafi. Len ya koma ya zauna a hankali, don kada wuƙar ta soke shi a haƙarƙari, ya ci abincinsa da kwat a jiki yana cewa sanyi yake ji, a tsakiyar watan Yuni.

Sau ɗayan nan ya zama kowane mako. A nan ne kishi ya gama cin Len, shi ma kuma ya san sunan abin da ke damunsa, bai yaudari kansa ba. In ya tashi da safe ya ga gari ya haɗe, sai ya ji sanyi a ransa, har ya yi fito yana haɗa shayi. In ya ga hasken rana a bangon gidajen da ke tsallaken titi, shayin ma ba ya shiga. Ya zama shi kaɗai ne a Leeds yake kallon hasashen yanayi yana fatan ruwa.

Ɗakin can sama, inda Hazel take ɗinki, yana da taga a jikin rufi, dab da ƙololuwa. Wata safiya ya hau da wani faffaɗan katako, ya ɗaure shi a tsohon sandan eriya, wai zai gyara hoton talabijin ne. Niyyarsa katakon ya yi wa farantan Gordon inuwa. Ya sauko yana haki, ya jira tsakar rana, ya koma ya leƙa. Inuwar ta fito kuwa, baƙa ƙirin, mai kusurwa huɗu, amma a kan tagarsa ta kwanta. Mutumin da ya shekara yana tsine wa arewa ya manta cewa a ƙasar nan inuwa ma arewa take faɗuwa. Ya kwance katakon kafin Hazel ta tambayi abin da ya sa ɗakin ɗinkinta ya yi duhu.

Sai ya ji ana hira a mashaya cewa babu abin da masu sola suka tsana kamar tantabaru, suna yin sheƙa a ƙarƙashin farantan, suna ɓata su da kashi. Daga ranar busasshen burodi ya daina kaiwa ga kwandon shara a gidan Len. Kowace safiya, Hazel tana wanka, sai ya hau sama, ya buɗe taga, ya riƙa jefa gutsattsari ta kan ƙololuwa, dattijo mai jikoki, tsaye a kan kujera da silifas. Wasu su tsallaka, wasu su gangaro baya su faɗa indararonsa. Tantabaru suka zo kuwa, har da na unguwannin da ba a gayyata ba. Abin da bai sani ba, masu aikin sun zagaye farantan Gordon da raga tun ranar farko. Tsuntsayen suka ci burodinsu a kudu, suka sha hantsi, suka tsallako arewa suka kwana a indararon mai ciyar da su.

Ƙarshen bazara abin ya kai masa wuya. Wata Lahadi yana zaune a gida ya yi shiri, yana jiran ya ji motar Janine a ƙofa kamar kullum, su gaisa, su zagaya tare. Sai waya ta yi ƙara.

"Baba, kana ina? Kai kaɗai muke jira."

Ashe a Street suka ajiye mota, ko ta ƙofarsa ba su bi ba. Ya zagaya kwana shi kaɗai, Gordon ya tare shi a bakin ƙofa da fara'a yana cewa sannu da zuwa, ya ja masa kujera a gefe kusa da yara. Sannu da zuwa, kamar wani baƙo daga nesa. Len ya ci abin da zai iya ci, ya ajiye cokali, ya goge baki.

"Mako mai zuwa a gidana za a ci," in ji shi.

"Haba Baba, ga wuta a banza—"

"Janine, da ba a haife ki a gidan da ke da sola ba, kin mutu? Na ce a gidana."

Gordon ya dubi Hazel, ya dubi farantinsa.

"Gaskiyarka, Yaya. Ni ma na yi kewar obin ɗinka."

Asabar aka yi rana mai kyau tun safe har yamma, Len ya wuni bai kalli sama ba. Ya sayo tsoka mafi kyau a wajen mahauci, ya wasa wuƙa har tana aske gashin hannu. Cikin dare ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba har gari ya waye, Len ya ce ko yanayin ma ya san inda gaskiya take. Ya shafe nama da gishiri da barkono, ya bar wa Hazel, ya ɗauki laima ya tafi mashaya. Gordon bai zo ba. Len ya ce a ransa fushi yaron yake yi, ya sha kofinsa cikin jin daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Da ya dawo motar Janine tana ƙofarsa. Gida ya cika, yara na ta guje-guje a matakala, Gordon yana zaune a tsohon wurinsa, gashinsa a jiƙe. Len ya rataye kwat, ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya zauna. Ya shiga kicin, ya ɗauki tsumma, ya sunkuya ya buɗe obin, ya kau da fuska don hucin da ya saba dukansa.

Babu huci. Tabaransa da kullum kan yi hazo yana nan garau. Ga nama a tire, ya yi ja, yana naso, yana tururi. Ya kai yatsa ya taɓa ƙarfen da tiren yake kai, ya ji shi sanyi ƙalau.

Ya ɗago. Hazel tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta jawo ta a bayanta. Takalmanta sun jiƙe sharkaf.

"Kana fita wutar obin ta ɗauke," in ji ta ƙasa-ƙasa. "In na mayar, ta sake ɗaukewa. Ruwa ne ya bi bango ya shiga makunnin. Indararo ya toshe."

Len ya janye yatsansa daga ƙarfen.

"Da sheƙar tantabaru, Len. Da burodi. Burodin da nake ta nema ina cewa ko ɓera muka yi."

"A ina aka gasa?"

"Ka san inda aka gasa. Batirinsa a cike yake tun ranar jiya."

"Wa ya sani?"

"Kowa. Janine ta riƙe laima, ni na rungumo tiren."

"Burodin fa?"

"Gordon ne ya hau tsani cikin ruwan nan ya kwashe da hannunsa, yana shekara kusan saba'in. Ya ce kada wanda ya gaya maka komai, yau ranarka ce." Ta miƙo masa ɗaya tsumman. "Ɗauka ka fita kafin ya huce. Kuma ka saki fuska, don Allah."

Ya ɗauka. Kunya ta kama shi har tafin ƙafa, amma ko a cikin kunyar kishin bai sake shi ba, don ya lura naman ya gasu daidai ta ko'ina, ba irin na obin ɗinsa da kan ƙona gefe ɗaya ba. Ya fito da tiren, yara suka yi ihu, mijin Janine ya ce kai, wannan ƙamshi, kowa dai ya riƙe nasa ɓangaren wasan da kyau. Len ya tsaya a kan tebur ya fara yanka, wuƙar tana shiga kamar a man shanu. Ya zuba wa kowa. Gordon ya kai loma, ya lumshe ido.

"Yaya, na rantse, har yanzu babu obin kamar naka a Armley."

Len ya yanki ɗan ƙarami ya sa a baki, ya tauna a hankali. Bai taɓa cin nama mai taushin wannan ba a gidansa.

"Ya bushe," in ji shi.

"Bai bushe ba!" Gordon ya ɗago da sauri. "Ai sai da na—"

Ya tsaya. Kunnuwansa suka yi ja. Ya dubi Hazel, Hazel ta dubi dankali.

"Sai da ka me?" in ji Len.

"Ba komai. Wataƙila ya ɗan bushe."

Len ya ji daɗin wannan, ba zai yi ƙarya ba, amma daɗin bai kai tsawon haɗiyar lomar ba. Ya dubi hannun ƙanensa da ke riƙe da cokali, duk ya kurje a bayan yatsu, da ɗan baƙin datti da sabulu bai gama fitarwa daga ƙumba ba. Ya dubi mutanen da suka cika masa tebur, waɗanda suka zo saboda ya yi fushi, suke yaba obin mai sanyi saboda suna tausayinsa.

"Janine," in ji shi, bai ɗago ba, "mako mai zuwa ku ajiye mota a Street. A ci a can inda aka gasa shi. Babu amfanin yawo da nama cikin ruwa."

"Baba..."

"Miƙo wa Baffanki romo."

Ruwa yana ta zuba a indararo, yana gangarawa sumul. Len ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yanka, yanka bayan yanka, siriri, daidai wa daida, alhali farantin kowa ya riga ya cika.